Lamba Arba'in da Ɗaya

Farfesan da aka gayyato don jarraba kundin ya ɗora biro a kan shafi na tamanin da shida, ya dubi Abdullatif ta saman tabarau.

"Wannan matar ƙirƙiro ta ka yi. Babu mai hankalin da zai yi haka har sau huɗu. Ka kawo shaida cikin mako biyu, in ba haka ba ka manta da digirin nan."

Shekara uku Abdullatif ya yi yana fama da digiri na biyu a fannin tattalin arzikin kuɗi. Bincikensa a kan yadda mata masu shanu a Kankiya da Kusada ke zaɓar lokacin sayarwa ne. Mata ɗari da ashirin aka tambaya, amma lamba arba'in da ɗaya ce abar alfaharinsa. Sau huɗu ta sayar da saniya, duk a mugun lokaci. Biyu a tsakiyar bazara, dabba ta rame har ana ƙirga haƙarƙarinta. Ɗaya saura mako uku Babbar Sallah, ta kasa jira farashi ya tashi. Ta ƙarshe da cikinta aka kai ta kara, kasuwar shanu, mako guda kafin a fara tambayoyin. Babi sukutum ya ware mata, ya raɗa masa suna "Jahilcin Kasuwa". Ya ji daɗin rubuta babin nan ƙwarai.

Bai san ko wace ce matar ba. Namiji ba ya kutsawa gidajen mutane da takarda a hannu, don haka ya ɗauki Rauda, wata malamar firamare a Kankiya, ta bi gida-gida. Dokar jami'a kuma ta hana sa suna a fom, sai lamba.

A motar Kankiya ya buɗe shafin sadaukarwa don ya sanyaya ransa. Suna ɗaya ne a wurin: Kawu Bubayero, ƙanen mahaifiyarsa, dillali a kara. Mutumin da ko akuya bai mallaka ba, amma duk sanda aka matsa sai ga shi da kuɗi a ƙulle cikin leda. Rajistar farko, kwamfuta, rajista ta biyu, har ladan Rauda. In an gode masa sai ya sunkuyar da kai ya ce, "Allah ne ya kawo."

Sunan mahaifiyarsa kuwa da gangan ya bar shi. Shi ne ɗan farin Mairama, kuma ta riƙe kunyar ɗan fari kamar farilla. Tunda ta haife shi bai ji sunansa a bakinta ba. Ranar da ya je garinsu Yashe da takardar samun gurbi, ta ci gaba da wanke ƙwarya kamar iska ce ta shigo. A zuwansa na baya-baya ko nono ya daina samu a gidan. Da ta rasu da daminar bara, ba a tarar da komai ba sai ƙore da igiyar ɗaure maruƙa. Shanun da mahaifinsa Modibbo ya bar mata, Abdullatif ya ɗauka ƙannensa ta rabar wa a ɓoye. Bai tambaya ba. Abin dai yana ci masa rai har yau.

Ya sami Rauda an tashi daga makaranta. Ya karanta mata babin, har da 'yar dariyarsa, sannan ya faɗa mata abin da farfesa ya ce.

"Ƙirƙira kuma? Wallahi da ƙafata na je," in ji ta. Ta zaro wani tsohon littafi daga jaka, inda ta ajiye sunayen don kanta. "Na tuna ta sarai. Tsohuwar kirki, har haƙuri ta ba ni don ba ta da nonon da za ta ba baƙuwa. Na ce Inna, me ya sa ba kya jira kasuwa ta yi kyau? Ta ce makaranta ba ta jira."

Abdullatif ya daina dariya.

"Na tambayi sunan ɗan nata da ke makarantar, sai ta ja mayafi ta rufe baki, ta ce ɗan fari ne, ba ta faɗa." Rauda ta bi layi da yatsa. "Yauwa, ga ta. Mairama, matar marigayi Modibbo, Yashe."