Romon Kan Rago a Tukunyar Baƙo

Kai da hannunka ba ya iya ganin aikin wani ya bar shi yadda yake, matso ka ji, don na gaji da yi maka magana a dunƙule.

An yi wani dillalin riɗi da ya yi shekara da shekaru yana hulɗa da wani dattijon Ba'indiye mai sayen kaya a kasuwar hatsi. Tun ana ciniki har aka koma zumunci. Dillali ya ci abinci a gidan mutumin nan ba adadi, amma shi dattijon ko miyar gidan dillali bai taɓa lasa ba, domin tun da uwarsa ta haife shi abin da aka yanka bai taɓa shiga bakinsa ba. Ba nama, ba kifi, ko ƙwai ba ya ci. Abin nan yana ci wa dillali tuwo a ƙwarya, don a ganinsa abokin da bai sa hannu a akushinka ba har gobe abokin kasuwa ne kawai. To, da aka ce dattijo zai koma ƙasarsu ba dawowa, sai dillali ya kafe lallai sai ya ci abincin gidansa, ko loma ɗaya ce, kafin ya tafi. Da ƙyar dattijo ya yarda, shi ma sai da aka yi masa alkawarin za a dafa irin nasu.

Wahalar ta faɗa kan matar dillali, kamar kullum. Ta yi ta zarya gidan Ba'indiyen, matarsa tana koya mata miyar korinsu da hannu da ido, tun da ba mai jin yaren wani sosai. Ta koyi soya albasa a hankali har ta yi ja, ta koyi cewa citta da tafarnuwa da kurkur a cikin mai ake tashinsu tun ruwa bai taɓa tukunya ba, ba a barbaɗa su a ƙarshe yadda muke yi da yaji. Gwajin farko ya kama, na biyu hulba ta yi yawa ya yi ɗaci kamar maɗaci, yara suka gudu suka bar mata kwano. Ba ta fasa ba. Ta sayo sabuwar tukunya da sabon ludayi waɗanda ba su taɓa ganin nama ba, ta ɓoye dunƙulen miya saboda an ce mata akwai ɗanɗanon kaza a ciki. Ranar da baƙo zai zo ta dafa ɓararren wake har ya narke, ta sa kabewa da yalo da alayyahu, ta ɗaure da madarar kwakwa da 'yar tsamiya. Ƙamshi har zaure. Ta rufe tukunya ta shiga wanka.

Nan ne dillali, gwanin gyara, ya shigo madafa. Da ma ya yanka rago tun da safe, wai don maƙwabta, ga farfesun kai yana tafasa a murhu na gefe. Ya buɗe tukunyar baƙo, ya juya ludayi, ya sake juyawa, ludayi bai ci karo da komai ba. Sai kunya ta rufe shi. Mutum guda, babban baƙo, ya zo gidanka ka tare shi da wake da kabewa kamar mai jinya? Gobe a kasuwa a ce wane ya yi baƙo ya ba shi miyar lami? Sai ya yi wa kansa fatawa a tsaye: nama ai shi ne abin da ake taunawa, romo kuwa ruwa ne, ruwa kuma kowa yana sha. Ya ɗebo ludayi biyu na romon kan rago, har da tacewa don kada tsoka ta faɗa, ya zuba, ya motsa, ya ɗanɗana, ya gyaɗa kai. Ka ji mai hankali.

Baƙo ya zo, aka shimfiɗa tabarma, aka kawo shinkafa da miya. Ya wanke hannu, ya cuɗa loma, yana yaba ƙamshi, yana cewa wannan baiwar Allah ta kusa fin matarsa. Yabon nan da ya tafi cikin gida shi ne dillali ya kasa haɗiyewa. Ya gyara zama ya ce, "Ai da taimakona, maigida. Na ɗan gyara maka ita da romon rago, amma babu tsoka ko ɗaya." Dattijo bai yi fushi ba, da ma ya yi da ya fi sauƙi. Ya mayar da lomar gefen kwano a hankali, ya sake wanke hannunsa, ya roƙi a ba shi ayaba da ruwan sanyi. Su ya ci, ya yi godiya, ya yi sallama, washegari jirgi ya ɗaga da shi. Tun a ranar, da fitar baƙo, matar dillali ta nufi madafa. Ta kinkimo tukunyar gaba ɗaya ta dire a gaban mijinta, ta soka masa ludayin a ciki, ta koma ɗaki ta turo ƙofa.

Da ya kama hannunsa da baƙo ya ci, da ya kama bakinsa ma da sai ya kwana da cin amana, ko ta ina ka juya, ludayin nan ne ya kashe shi. An gaya masa abin da mutum yake so, shi kuwa ya ba shi abin da yake so a gani. Saboda irinsa Hausawa suka ce: garin neman ƙiba an samo rama.