Jarida a Ƙirji

Tana kaiwa ƙololuwar dutsen a kan kekenta, kusan ta ƙarshe a tseren ƙauyukan duwatsun Alps na Turai, sai ta hango mahaifinta tsaye inda yake tsayawa kowace shekara. Nan tsofaffin garin ke miƙa wa mahaya jarida su cusa a ƙirji, don kada iskar gangara ta ratsa rigar da zufa ta jiƙa. Shekara tara ke nan ba sa magana, tun ranar da ya ce tseren keke ba sana'a ba ce.

"Ke da kunkuru kuka taho?" in ji shi. "Jaridu sun ƙare tun ɗazu."

"To, Baba, sai in gangara haka."

Ya yi tsaki, ya zaro wata a ninke daga aljihun kwat ɗinsa. "Ungo, rufe ƙirjinki."

Ta cusa ta gangara, sanyi bai taɓa ta ba.

A gindin dutsen ta ciro jaridar, ta jiƙe sharkaf. Tsohuwa ce, har ta yi ja. Ga hotonta tana 'yar shekara sha biyu, riƙe da kofinta na farko, an zagaye sunanta da biro.