Baƙon da Ya Zo Kan Bashin Baba

Sandar Salihu ta sauka a ƙeyar baƙon tun bai gama sallama ba. Ta biyu ta fasa masa baki.

"Kai ne mai kiran Inna a waya, ko? Wai Baba ya mutu da bashinka, kabari na matse shi! Tumakinta kaf ta saida saboda kai, mugu!"

Tun a kasuwar Filinge Salihu ya ji dattijon yana tambayar gidan mahaifinsa, marigayi Amadu, wai maganar bashi ce. Ya riga shi isowa gida, ya ɗauki sanda.

Ya sake ɗaga sanda ke nan sai wayar Inna ta yi ƙara a aljihunsa. Lambar mai kiran nan ce, ya amsa. Muryar nan ce: "Hajiya, ina cikon kuɗina?"

Salihu ya dubi mutumin da ke kwance cikin jini. Babu waya a hannunsa, sai igiya.

"Ɗana, mi na yi maka?" in ji dattijon da ƙyar. "Saniyar da babanka ya ba ni aro ce. Na ji rasuwatai, na maido ta, har da ɗiyarta."