Tsohuwar Bakin Murhu

Madam Nasiba ta sa an sake ja da tabarmi gefe karo na uku, don kada kamara ta ɗauko bangon da ruwan bana ya zubar. An kira ta an ce motar gidan telebijin ta baro Magariya. Lokaci ya ƙure.

Kwana uku ke nan da Hamman Tamu ya yanke jiki ya faɗi a wurin aiki a Yamai, yana shirin shiga gabatar da shirinsa. Kafin a kai shi likita rai ya yi halinsa. Shekara ashirin yana zaunar da ministoci da 'yan majalisa a gaban ƙasa, yana yi musu tambayar da talaka ke tsoron yi, bai taɓa ɗaga murya ba. A can aka binne shi. Amma a nan Dungas ya tashi, a gidan marigayi Alhaji Tamu, shi ya sa abokan aikinsa suka ce a nan za su ɗauki sadakar uku, ƙasa duka ta gani.

Perefe, babban jami'in gwamnati na yankin, ya ɗora wa Nasiba ɓangaren mata. Shekararta biyu kacal da aka turo ta daga Damagaram ta riƙe lakwal, makarantar bokon garin, amma an san ta da tsari. "Madam, kada ki bari mu ji kunya," ya ce mata.

Ita kuwa tun safe kunyar take ji. Kunyar bangon, kunyar awakin da ke ratsa tsakar gida, da kunyar cewa yawancin matan da suka cika gidan ba su taɓa kallon shirin marigayin har ƙarshe ba. Sai da ta bi su ɗaya bayan ɗaya tana koya musu abin da za su faɗa.

Ya Kaka, matar Alhaji Tamu, tana ɗaki idanunta sun kumbura, ana shiga ana yi mata gaisuwa. Wannan ya yi daidai. Abin da ya rage shi ne a samu wata dattijuwa mai fuskar ƙauye da za ta yi magana a madadin talakawa.

A can bayan ɗakuna ta gan ta, bakin murhu. Siririyar tsohuwa ce da koɗaɗɗen zane, ana ce mata Kadi. Tun jiya ta iso da ƙafa daga wata ruga a hanyar Waca, da ƙwaryar nono a ka. Ba ta zauna cikin masu karɓar gaisuwa ba. Ta sauke nonon ta kama wankin tukwane, kuma duk wadda ta zo karɓar mata aikin sai ta girgiza kai.

"Goggo, in sun zo za ki ce, Hamman namu ne, mun yi babban rashi. Faɗi in ji."

Tsohuwar ta ci gaba da dirzar tukunya da toka. "Allah ya ji ƙan musulmi duka."

"Sunansa za ki kama."

Tsohuwar ta juya tukunyar, ta kama dirzar gindinta.

"Ba ki san shi ba ne? Ba ki taɓa ganinsa a telebijin ba?"

"In ya fito, tashi nake yi."

Matan da ke tuƙa tuwo suka tsaya cak. Ɗaya ta buɗe baki za ta yi magana, Nasiba ta ɗaga mata hannu kamar yadda take yi wa ɗalibai.

Nasiba ba ta buƙatar bayani. Shekara huɗu da suka wuce wani ɗan majalisar yankin ya rasa kujerarsa bayan ya zauna gaban Hamman, kuma har yau mutanensa ba su huce ba. Lalle tsohuwar nan tasu ce. Ta dubi busassun idanun tsohuwar, ta ƙiyasta wannan magana ta shiga kamara, ƙasa duka ta ji abin da ake faɗa a gidan da ya tashi.

Ta rage murya, don ba ta son tozarta babba a gaban mutane. "Goggo, nan gidan makoki ne. Wanda bai zo don mamacin ba, gara ya kama hanya tun da rana."

Tsohuwar ta ɗauraye tukunyar, ta kife ta a kan 'yan'uwanta. Ta ɗauki ƙwaryarta, ta fita ta ƙofar baya ba ta waiwayo ba.

Komai ya tafi yadda aka tsara. Matan sun faɗi abin da aka koya musu, bangon bai fito ba, Perefe ya ɗaga wa Nasiba hannu daga nesa. A karon farko tun safe ta ja numfashi.

Ana naɗe wayoyi sai ga Ikram, 'yar Hamman da ta biyo motar daga Yamai, ta fito riƙe da hannun Ya Kaka. Suka nufi bayan ɗakuna kai tsaye. Yarinyar ta duba bakin murhu, ta duba gindin bishiyar bedi, ta juyo.

"Ina Kadi?" Ya Kaka ta tambaya.

Matan suka sunkuyar da kai. Sannan, ɗaya bayan ɗaya, suka dubi Nasiba.

"Mai wankin tukwanen? Na sallame ta, Hajiya, tun kafin baƙi su iso. Ko sunan ɗanki ta ƙi kamawa."

Ya Kaka ta saki hannun Ikram, ta dafa bango.

"Madam, ni riƙo kawai na yi, tun daga yaye. Kadi ce ta haife shi. A ina kika taɓa jin uwa ta kama sunan ɗan farinta?"