Talatar Da Kogi Ke Washewa

Injiniya Maritza ta ɗaga kwalbar ruwan da ta ɗebo a kogi, ƙasa da kamfanin jimar fatu. Garau, kamar kowace Talatar farkon wata da take zuwa awo. Mata na wanki, yara na iyo.

Ta yi wa wata tsohuwa albishir: "Doña Eulalia, ruwanku lafiya lau. Daga yau sau ɗaya a shekara zan riƙa zuwa."

Tsohuwar ta saki rigar da take matsewa.

"'Yar nan, me muka yi miki? Sai jajibirin zuwanki kamfanin ke toshe bututun dattinsa. Gobe ko kare ba zai sha ruwan nan ba. Wato jikokina sai shekara-shekara za su yi wanka?"