Tsarin da Kamfani Bai Sani Ba

Sau huɗu Mahmuda yana kiran kamfanin iri da ke Yamai, sau huɗu ana ba shi amsa ɗaya, kamar daga takarda ake karanto ta. Manhajarsu ta yin rajista ba ta aiki da tsarin da ke kwamfutarsa. Linux? Ba sa taimaka wa masu wannan. Ya sa tsarin da kowa ke amfani da shi.

Shi ne sakataren ƙungiyar manoman wake ta Ɗan Kassari. Gidaje arba'in da bakwai na jiran irin shuka, ranar Juma'a za a rufe rajista, ga hadari ya fara haɗuwa a gabas. Wanda sunansa bai shiga ba, sai baɗi.

Mutanen gari sun gaji da shi. Wasu suka ce taurin kai ne, wasu suka ce tsufa. Shekara uku suna ganinsa da abin sauraro maƙale a kunne, yana buga takardunsu ba kuskure ko ɗaya, amma yau an ce a sake abu kaɗan ya kafe. Bai yi musu da kowa ba. Tun rasuwar 'yarsa Mardiyya, wadda ta yi karatun kwamfuta, maganarsa ta ragu.

Ranar Laraba ɗan kabu-kabu ya kai shi Dogon Dutsi, ya raka shi har cikin shagon Jonathan mai gyara.

Jonathan ya kunna kwamfutar, ya yi tsaki. "Baba, wa ya haɗa maka wanga? Ban taɓa ganin irinai ba."

"An dai haɗa."

"Sai na goge shi duka. Takardunka ina kwashe maka su. Sauran abin da ke ciki ba ya tahiya da sabon."

"Ba wata hanya?"

"Kamfani ya ce babu, ni mi zan yi? Duba nan ka gani." Ya juyo masa da allon. Mahmuda bai sunkuya ba.

Ya ɗora hannunsa a kan murfin kwamfutar. Bai ji baƙin ciki ba, bai ji fushi ba. Ya nemi wani abu a ƙirjinsa, bai tarar da komai ba, sai sunayen gidaje arba'in da bakwai da ya haddace.

"Ba ni minti biyat," ya ce.

Ya sa abin sauraro, ya buɗe jerin manoman, ya bi shi daga farko har ƙarshe. Ya sake komawa farko. Jonathan na ta duba agogo, yana mamakin mutumin da zai ɓata lokaci kan jerin da za a kwafe masa.

Ya cire abin sauraron, ya naɗe wayarsa a hankali.

"Goge."

Kafin la'asar rajista ta shiga. Jonathan ya yi murna, har da cewa sabon ma yana magana, wata Baturiya ce ke karatu da Faransanci, tsaf.

Mahmuda ya yi godiya, ya laluba sandarsa. Baturiyar za ta yi aikin, ya sani. Amma tun da idanunsa suka mutu, muryar da ke karanta masa kowane layi a tsohon tsarin ta Mardiyya ce, wadda ta yi wata shida tana naɗa wa ubanta ita kalma-kalma kafin ciwo ya kwantar da ita.