Ranar Dashe

Tun kafin mai adaidaita ya gama tsayawa a ƙofar asibiti, Gwaggo Tabawa ta diro tana gyara mayafi.

"Yi sauri, Ramlatu, yau za a mayar miki da abinki!"

Kwanakin baya cikin Ramlatu ya zauna a bututun ƙwai, bai ƙarasa mahaifa ba. A zamanin su Gwaggo sai dai a narkar da shi da allura, ko a yi tiyata a ceci uwar. Yanzu kuwa ciro shi ake yi, a ajiye a ɗan tulun gilashi mai ɗumi, in uwar ta warke a dasa mata shi inda ya dace.

A ɗakin ajiya tuluna sun cika kanta, kowanne da 'yar koriyar fitilarsa.

Nas ta ce, "Tulun ba ya buɗewa sai uwar ta kira sunan ɗan da bakinta."

Ramlatu ta sunkuyar da kai. Ɗan fari ne, kuma sunan mahaifinta aka sa masa.

Gwaggo ta dubi nas ta ce, "Haba 'yar nan, ina aka taɓa yin haka? Bari ni in faɗa."

"Muryarta kaɗai ya sani, Hajiya."

Ramlatu ta hango wasu tuluna a can sama, yanar gizo-gizo ta lulluɓe su, fitilunsu na ci.

"Waɗancan fa?"

Nas ba ta ɗago ba. "Iyayensu na nan zuwa."

Ramlatu ta matsa gaba, ta buɗe murya har ɗakin ya amsa: "Isiyaku!"

Murfi ya ɗaga.

"Ja'ira, marar kunya," in ji Gwaggo tana share hawaye. Sai ta kama hanci ta rangaɗa guɗa.